Daga Maraɗi Zuwa Bukuru Neman Ruwan Zafi

Tun da na dawo daga Jos ban huta da tambaya ba. A wurin aiki a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har wadda nake yi wa awon ciki sai ta ɗago kai daga kan gado ta ce, "Inna Rabi, wai da gaske ne can har da rana tsaka ake sa rigar sanyi?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ungozoma ce a Maraɗi. Na daɗe ina zaga ƙauyukan da ba su da ɗakin haihuwa, a cikin wani ɗaki mai taya da ake ja da mota, wanda ake kira karaban. Wasu Turawa ne suka bar wa ƙungiyar matan unguwarmu shi da aikinsu ya ƙare. Akwai gadon haihuwa a ciki, da kabad ɗin magani, da wurin wanke hannu. Ruwan zafi ne kawai babu, don hitar dafa ruwan da ya zo da ita ta mutu tun kafin ya shigo hannunmu. Duk inda muka sauka sai a hura gawayi a waje, in riƙa jigilar tukunya ina hawa matakala.

Sanyin bara, a wani ƙauye, ina hawa da tafasasshen ruwa sai mai naƙuda ta ƙwala mini kira. Na yi sauri, ƙafata ta goce, ruwan ya kwarara a ƙaurina. Da ƙafar a saluɓe na karɓi haihuwar. Wata biyu na yi a kwance, kuma a wata biyun nan mata suka yi ta haihuwa babu kowa a kansu. Ɗaya daga cikinsu ba ta tashi ba. Da na warke na ce karaban ba zai sake fita ba sai da ruwan zafi a famfo.

Masu gyara uku na kai wa a Maraɗi. Na ukun ne ya faɗa mini gaskiya. Ya ce, "Inna, mu nan sanyaya ruwa muka iya. Ki je Jos, su sanyi ya tilasta musu koyon wannan aikin." Shi ya haɗa ni da wani mai safarar dankalin Turawa, shi kuma ya ba ni sunan wani tsoho a Bukuru, Baba Dung.

Da aka ji inda za ni, kowa ya zo da nasa gargaɗin. Garin rikici ne, kada ki shiga unguwar da ba taku ba, kada ki ci abincin kowa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Yayana Ilu ne ya kashe maganar. Ya yi shekaru yana kai albasa Najeriya kafin ya ajiye babbar mota, kuma shi ke jan karaban ɗin da a-kori-kurarsa. Ya ce, "Duk masu ba ki labarin nan, wa ya taɓa wuce Katsina a cikinsu?" Kwana goma ƙungiya ta ba ni, don matan ƙauyuka na jiran awo.

Muka tashi da hantsi cikin watan Agusta. A iyaka, wajen Jibiya, wani jami'i ya zagaya karaban ɗin sau biyu yana ƙwanƙwasa jikinsa, sannan ya ce a buɗe. Ya shiga fuska a ɗaure. Da ya ga gadon da wuraren ɗora ƙafa sai ya tsaya, ya cire hula, ya rage murya. Ya ce matarsa na da cikin wata takwas, ƙafafunta sun kumbura, tana yawan ciwon kai, ko hakan ba komai? Na ce masa komai ne, ya kai ta a auna jininta yau, kada ya bari sai gobe. Kafin mu gama buga takardu na hango shi a gefe yana waya yana ɗaga hannu.

A Kano muka kwana gidan wata 'yar ƙanwar babarmu. A nan na yi wayon da ba a sa ni ba. Na shiga kasuwa na ga wata hita mai aiki da gas, fara tas, ƙarama, wadda ake maƙalawa a bango. Na ce in na je da ita a hannu aikin kwana ɗaya ne, a ɗaura mu juyo. Yaya ya ce in bari mai aikin ya gani tukuna. Ban saurare shi ba.

Washegari muka bi ta dajin Falgore zuwa Saminaka, inda muka ci gasasshiyar masara mai zaƙi irin wadda ban taɓa ci ba. Daga Jengre hanya ta fara hawa. Mu da muka saba da ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, sai ga duwatsu an ɗora wani kan wani, ka ce da hannu aka jera su. Motar Yaya ta yi ta nishi da nauyin karaban, can sai tururi ya turnuƙe gabanta. Muka tsaya ya buɗe, lagireto na tafasa. Ya dube ni ya ce, "To Rabi, ga ruwan zafin da kike nema. Mu juya gida?"

Cikin ruwan sama muka shiga Jos, wani irin yayyafi marar ƙarfi wanda ba ya tsayawa. Muka sauka a Laranto gidan Alhaji Musa, abokin cinikin mai dankalin nan. Kakanninsa tun zamanin haƙar kuza suka zo, shi bai san wani gari ba sai Jos. Matarsa ta kawo mana masa da miyar taushe da shayi mai citta, ta ga ina karkarwa cikin mayafina na Maraɗi, ta yi dariya ta ɗauko mini bargo biyu. Da safe ta raka ni Taminus, tsakiyar kasuwancin garin, na sayi rigar sanyi ta gwanjo da safa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne Hausar mutanen. Kowa na yin ta, amma da yawa ba ruwansu da mace ko namiji. Mai sayar da safa ya ce mini, "Hajiya, ka zo ka duba." Na waiga in ga wane namiji ne a bayana.

Bukuru na kudu da Jos, ba nisa. Alhaji Musa da kansa ya shige gaba ya kai mu. Wurin aikin Baba Dung wani fili ne a gefen gidansa, cike da tsofaffin tankuna da bututu an jera su bisa tsawo. Ɗan ƙabilar Birom ne, Kirista, gajere, gashin kansa fari fat, yana sanye da hular ulu. Aikin famfunan ramin kuza ya gada wurin mahaifinsa, daga baya ya koma haɗa ruwan zafi a gidaje da asibitoci. Suka rungume juna da Alhaji Musa suna zolayar juna kan wanda ya fi tsufa.

Na fito da hitata daga kwali ina jin kaina. Ya juya ta, ya leƙa samanta, ya mayar cikin kwalin ya rufe.

Ya ce, "Sista, wannan ba zai shiga ɗakin nan ba."

Na ce, "Baba, sabuwa ce fa."

"Na gani. Ba shi da hanyar hayaƙi. In ka kunna shi ka rufe ƙofa saboda sanyi, kai da mai haihuwa da jariri duk za ku yi barci. Ba wari, ba komai. Barci kawai."

Na ce zan riƙa buɗe taga. Ya ce ranar da aiki ya rikice ba zan tuna da taga ba. Na ce kwana goma aka ba ni, uku sun tafi. Ya ce akwai masu aiki a bakin titi da za su ɗaura mini ita kafin azahar, zai iya nuna mini shagonsu, amma shi hannunsa ba zai taɓa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na dubi Yaya ko zai sa baki, sai na ga ya sami benci ya zauna yana kallon sama.

Da na huce na ce to me za a yi. Maimakon ya ɗauko abin awo, sai ya ce in shiga in nuna masa yadda nake aiki. Ya naɗe wani tsohon tawul ya miƙa mini a matsayin jariri. Ina nake tsayawa? Da wane hannu nake karɓa? In hannuna duk jini ne, da me nake buɗe famfo? Na ce da gwiwar hannu nake fama. Ya sa alli ya yi alama a bango. Mutum nawa ke shiga? Ruwa nawa haihuwa ɗaya ke ci? Daga ina nake ɗibar ruwan, rijiya ko famfo? Na yi shekaru ina wannan aiki, likitoci da manyan baƙi sun sha shiga karaban ɗin, ba wanda ya taɓa yi mini waɗannan tambayoyin.

Sannan ya tambayi zafin ranar Maraɗi. Yaya ya ce in ka bar sifana a kan mota da azahar, sai da tsumma za ka ɗauka. Baba Dung ya yi murmushi ya ce, "Kuna da wuta kyauta a sama, kuna sayen gawayi."

Ga abin da ya tsara. A kan rufi zai shimfiɗa faranti mai baƙin bututu a cikin gilas, rana ta dafa ruwan. Tankin zai zauna ƙasa, ƙarƙashin benci, daidai kan tayoyi, don in aka ɗora nauyi a sama karaban zai iya kifewa a kwana. Ƙaramin famfo mai aiki da hasken rana zai riƙa zagaya da ruwan. Don asuba da ranar hadari kuma, zai gyara wata hitar gas mai bututun hayaƙi, ya sa ta cikin akwatin ƙarfe a waje, ta yadda iskarta ba za ta haɗu da ta ɗaki ba. Tawa kuwa ya ce in kai gida in sa a tsakar gida inda iska ke wucewa.

Yaya ya ce shi a karaban zai riƙa kwana. Ni kuma zirga-zirga zuwa Laranto kullum ta yi yawa, sai matar Baba Dung, Mama Kaneng, ta ce in zauna wurinta. Na yi jim, duk gargaɗin mutanen gida ya dawo mini. Ta lura. Ta kai ni ɗakin 'yarta da ta yi aure, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta nuna kusurwa ta ce, "Gabas yana nan. Maƙwabcinmu Malam ne ya nuna mini tun da daɗewa, saboda baƙi." Kullum kafin in tashi sallar asuba sai in tarar da buta da ruwan ɗumi a bakin ƙofa. Naman da za ta dafa kuwa, da ni take zuwa wurin mahauci Bahaushe, wai in gani da idona.

A wurinta na fara cin gwate. Acca ce ake dafawa da ruwa-ruwa, a zuba yakuwa da gauta da alayyafo, a sha da zafinsa. Cokalin farko tsami da ɗaci suka haɗu a bakina, na rasa yadda zan yi da fuskata. Kwana biyu sai ga ni ina neman ƙari. Dankalin Turawa da muke yanka ƙwaya uku a miya don baƙo, su a faranti suke cika shi kamar tuwo. Ni ma na dama musu fura da geron da na zo da shi. Baba Dung ya sha ya yaba, amma ya ce a garin nan mai shan abu mai sanyi haka da safe sai jarumi.

Wata rana muna tsinke yakuwa na yi mata ƙorafin taurin kan mijinta. Ta ce saboda ƙanwarsa ne. Tana jego, aka kai mata kaskon gawayi banɗaki saboda sanyi, ta rufe ƙofa, ba ta fito da rai ba. Jaririn na da kwana tara. Su suka raine shi, yanzu yana koyarwa a wata makaranta. Ta ce, "Tun lokacin, in maganar wuta ne a cikin ɗaki, ko ni ba ya ji." Ta ci gaba da tsinke ganyenta. Ban sake yi masa gardama a kan hita ba.

Kallon aikinsa kaɗai abin zuwa ne. Ba ya gaggawa, ba ya kuma zama. Kowane bututu sai ya hura shi ya leƙa kafin ya ɗaura. Inda zai ratsa bango sai ya naɗe shi da robar tsohuwar taya, don kada girgizar hanya ta cinye shi. Tankin ya lulluɓe shi da soso da buhu kamar mai jin sanyi. Famfon ya yi masa dogon hannu daidai alamar allin nan, yadda zan tura da gwiwar hannu ba tare da na sunkuya ba. A bayansa ya sa wani ƙarfe mai gauraya ruwan zafi da na sanyi, ya ɗaure shi yadda ko an buɗe har ƙarshe ba zai ƙona fata ba. Ya ce a Jos ba ya damuwa da wannan sosai, amma ranar garinmu za ta iya tafasa tankin, don haka ya ƙara wata 'yar ƙofa da za ta fitar da tururi ta ƙasa in zafi ya yi yawa. Mutumin da bai taɓa taka Maraɗi ba, ya zauna yana lissafin ranarta.

Ranar da muka kwana bakwai a Bukuru aka gama. Na ce gobe sai hanya. Ya ce a'a, bai ga rana ta dafa ruwan ba. Muka zauna jiran rana. Ni da na yi rayuwata ina gudun rana, ga ni a tsakar gida ina leƙen hadari ina roƙon ta fito. Ranar farko ba ta leƙo ba sam. Na kira shugabar ƙungiyarmu na ce zan makara, ta ce mata sun fara aiko tambaya. Sai rana ta biyu wajen hantsi gari ya washe. Kafin azahar na tura famfo, ruwa ya zubo da ɗumi mai daɗi, na tsaya na bar shi yana bin hannuna.

Na ɗauka an gama. Baba Dung ya ce saura hanya. Ya sa aka cika tanki, ya shiga gaba kusa da Yaya, ya ce a nemi hanya mafi muni. Muka bi wata ta bayan gari, gefen tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika, duk kwazazzabai da duwatsu. Yaya na lallaɓawa, shi kuma yana cewa, "Direba, taka. A ƙauye ba za ka lallaɓa ba in mace yana naƙuda." Bayan kusan awa ɗaya muka tsaya. Ya shiga ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin benci, ya fito da shi a jiƙe. Wani haɗi ya saki. Ɗigo ne kawai, amma da mun kama hanya da shi, kafin Kano tankin ya zube a kan kwalayen magani.

Bai ce ai na faɗa miki ba. Cewa ya yi, "Laifina ne, na ɗaure shi da ƙarfi, ya kamata ya sami wurin motsi." A nan bakin hanya ya kwance, ya sa guntun tiyo mai lanƙwasa, muka sake bin hanyar tun daga farko. Wannan karon hannunsa a bushe ya fito.

Ranar tafiya sai da ya sa ni na kunna hitar na kashe sau biyar a gabansa, na kwance matatar ruwa na wanke na mayar, na shafa ruwan sabulu a bututun gas in ga ko zai yi kumfa. Ya ce Yaya ya koma gefe, wai ba shi ne zai kasance a ciki ba. Ya ba ni ƙaramar sifana da robobin haɗi a cikin gwangwanin madara. Mama Kaneng ta cika mana bayan mota da dankali da kabeji da ƙullin acca, ta riƙe hannuna har bakin titi. Na ce mata ta zo Maraɗi. Ta ce in dai zafin da Yaya ke faɗa gaskiya ne, sai dai in aiko mata da hoto.

Kwana goma sha uku muka yi maimakon goma. A iyaka na nemi jami'in nan ban same shi ba, abokan aikinsa suka ce ya ɗauki hutu, matarsa ta sauka, an yi mata aiki amma ita da 'yar suna lafiya.

Fitarmu ta farko bayan dawowa, wani ƙauye muka je arewa da gari. Da hantsi aka kawo wata yarinya haihuwar fari, tare da kakarta, wata tsohuwa da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen kafin idonta ya raunana. Tana shiga ta fara faɗa, ina wuta, ina tukunya, wace irin ungozoma ce ba ta ɗora ruwa ba. Na kama hannunta na kai ƙarƙashin famfo, na tura da gwiwar hannuna. Ta janye da sauri, sannan ta mayar a hankali. Ta leƙa ƙarƙashin benci, ta fita ta zagaya karaban ɗin tana neman inda aka ɓoye gawayin, ta dawo.

Ta ce, "Wa ya hura?"

Na ce wani tsoho ne a Jos.

Ta ce, "Yana da 'ya'ya?"

Na ce yana da su, har da jikoki.

Ta gyaɗa kai ta ce Allah ya raya masa su. Daga nan ta naɗe hannun rigarta, ta wanke hannuwanta har gwiwa, ta zo ta tsaya a kan jikarta, muka kama aiki.